Iyafis mai yin shiru idan ka buɗe baki: abin da na gani cikin wata biyar

Wata biyar ke nan ina amfani da wani iyafis mara waya da ƙanena ya kawo mini tsaraba. Sautinsa yana da daɗi, batirinsa ma babu laifi, amma abin da ya sa na ga ya cancanci a zauna a yi rubutu a kansa shi ne wata dabara da aka saka masa, wadda take sa ya gane lokacin da mai sanye da shi ya fara magana. Da zarar ya gane, sai ya rage abin da ake saurare da kansa, ya buɗe wa kunne hanyar jin abin da ke gudana a waje, ba tare da an taɓa waya ko an zare shi daga kunne ba. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera nawa ba, domin yabon da zan yi da ƙorafin da zan kawo duka sun shafi dabarar ce ita kanta, kuma manyan kamfanoni da dama suna sayar da ita yanzu, kowanne da sunan da ya raɗa mata.

Sony ya fito da tasa a shekarar 2020 a cikin babban hedifon WH-1000XM4, ya kira ta Speak-to-Chat, sannan a 2021 ya saka ta a ƙaramin iyafis WF-1000XM4. Samsung ya kawo tasa a watan Janairun 2021 tare da Galaxy Buds Pro, da sunan Voice Detect. Apple bai shigo sahu ba sai a watan Satumban 2023, lokacin da manhajar iOS 17 ta ƙara wa AirPods Pro na biyu abin da ake kira Conversation Awareness, ko da yake tun AirPods na farko da ya fito a ƙarshen 2016 akwai 'yar na'urar da ke jin girgizar muryar mai shi, ana amfani da ita wajen tace murya daga hayaniya. Ta Sony tana tsayar da abin da ake saurare cak, ta Samsung da ta Apple kuwa suna rage ƙarar kiɗa ne. Tunanin kansa ya girmi dukan waɗannan kamfanoni a wannan fage, domin tun a Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa jiragen yaƙi suna ɗaura makirufo a maƙogwaro don a ji su duk da rurin inji, kuma a 2006 wani kamfanin Amurka mai suna Aliph ya fitar da Jawbone, na'urar kunne ta bulutut mai wani ɗan kai da ke taɓa kunci yana jin motsin magana.

Wanda yake son ya fahimci yadda abin ke aiki ba ya buƙatar ya sayi komai. Ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, sannan ya ce "na'am" da muryarsa ta kullum. Zai ji muryar ta yi kauri ta cika masa kai kamar yana magana a cikin randa, alhali maganar wanda ke tsaye kusa da shi ta dusashe. Dalili shi ne muryar mutum tana isa kunnensa ta hanya biyu. Akwai wadda ke fita ta baki ta bi iska ta kewayo, akwai kuma wadda ke bin muƙamuƙi da ƙoƙon kai ta girgiza bangon ramin kunne daga ciki. Idan kunne a buɗe yake, mafi yawan wannan girgiza tana ficewa waje, amma idan an toshe shi sai ta rasa mafita ta taru a ciki, musamman ɓangarenta mai kauri. Masu amfani da na'urar taimakon ji sun daɗe suna kuka da wannan, domin shi ne ke sa su ƙi jinin muryar kansu a farkon sa na'urar. Abin da ya zama matsala a can, shi masu ƙera iyafis suka mayar shaida.

Kowane ɓari na iyafis ɗin yana da makirufo da ke fuskantar waje, yana sauraron duniya, da wani ƙarami da ke fuskantar cikin kunne, a bayan robar da ke toshe ramin. Aikinsu na farko shi ne kashe hayaniya, wato na waje ya ji ƙarar da ke tahowa, a ƙera kishiyarta a aika cikin kunne su kashe juna, na ciki kuma ya duba abin da ya rage a gyara. To amma tun da makirufon biyu suna nan, sai aka ba su aiki na biyu, na gwada ƙarfin abin da kowanne ya ji. Idan wani ne yake magana a gabanka, na waje zai ji shi sosai, na ciki kuwa kaɗan zai ji, saboda roba ta tare hanya. Idan kai ne kake magana sai lissafin ya sauya, domin na ciki zai ji kaurin muryarka da ƙarfi fiye da yadda sautin waje zai iya ratsowa. Wannan bambanci ne 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar take aunawa ba dare ba rana muddin yana kunne. Akwai wata wahala da ba kowa ke tunawa da ita ba: ita kanta sifikar iyafis ɗin tana cikin ramin nan tana kaɗa sauti, don haka dole a fara cire abin da aka san ana kunnawa daga abin da makirufon ciki ya ji, sannan a yanke hukunci kan sauran. In ba haka ba, duk mawaƙin da ya ɗaga murya sai a ɗauka mai iyafis ne. Mafi yawan masu tsada suna ƙara shaida ta uku, wato 'yar na'urar da ba ruwanta da iska, girgizar ƙashi kawai take ji.

A wurin aikina ne na fara ganin amfaninsa, kuma a nan ba ni da abin cewa sai yabo. Ina riƙe da littafin lissafi a wani shagon kayan gini, maƙwabcinmu kuma mai walda ne, janaretansa ba ya hutawa daga hantsi har la'asar. Da can idan na sa iyafis ina sauraron labarai ko karatu, duk wanda ya shigo sai na ajiye biro, na zare ɓari ɗaya, na nemi inda zan ajiye shi kada ya faɗa cikin buhun ƙusa, sannan mu yi magana. Yanzu idan na ga mutum ya nufo teburi sai kawai na ce masa "barka da zuwa", kafin na rufe baki sautin ya yi ƙasa, muryarsa ta shigo, hannuwana suna kan rasit da kuɗin da nake ƙirgawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya ruɗuwa da maganar wasu. Yaran shago suna musun ƙwallo a bayana da iyakar muryarsu, mai walda yana kiran yaronsa, direbobi suna ciniki a bakin ƙofa, amma ko gezau bai yi ba har sai ni na buɗe baki. Cikin wata biyar ba na tuna ranar da muryar wani ta buɗe shi.

Yana da ɗan jinkiri kafin ya farga, kamar kalma ɗaya ko biyu, kuma na lura jinkirin yana ƙaruwa idan na fara da kalma irin "sannu". Bayanin wannan yana cikin maƙogwaro. Sautuka irin su s da sh da f iska ce kawai ke fita ta tsakanin haƙora da leɓe, tantanin murya ba ya kaɗawa, don haka ƙashi ba shi da abin da zai ɗauka sai an kai ga wasali. A wajen wasali kuwa tantanin yana kaɗawa wajen sau 120 a daƙiƙa ga namiji baligi, ga mace wajen sau 200, kuma wannan kaɗawar ce na'urar take jira. Saboda haka ne ma raɗa ba ta buɗe shi sam. Na gwada sau da yawa, na yi raɗa mai tsawo, bai san ina yi ba.

Babban aibinsa kuwa ya fito ne daga inda ƙarfinsa yake, kuma a ƙofar gida na gane haka. Wata ranar Asabar da yamma ina zaune a kan benci ina sauraron wani shiri, na ba titi baya, ashe wani dattijo maƙwabcinmu, abokin mahaifina, ya yi sallama har sau uku. Iyafis ɗin ya ji shi sarai, amma da yake an gina shi ne a kan ya yi watsi da duk muryar da ba tawa ba, sai ya yi aikinsa. Sai da inuwarsa ta faɗo a gabana na zabura na miƙe ina amsawa, nan take kunnena ya buɗe. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi jiki, duk lafiya lau saboda ina ta magana. Daga nan ya shiga abin da ya kawo shi, batun kuɗin da za a haɗa a unguwa don gyaran kwata kafin damina. Na sunkuyar da kai na yi shiru kamar yadda ya kamata, ina gyaɗa kai. Daƙiƙa goma da na saita masa ya jira bayan na yi shiru suna cika, na'urar ta yanke cewa hira ta ƙare, ta rufe mini kunne ta dawo da shirin, daidai lokacin da yake faɗin abin da kowane gida zai bayar.

"Ka ji ko, ɗana?" ya ce, na gani a leɓensa.

"Na'am, Baba?" na ce, kunnen ya sake buɗewa.

Ya dube ni, ya dubi kunnena, ya ce, "Cire wannan abin tukuna, sai mu yi magana." Na cire ina ba shi haƙuri.

Laifin farko nawa ne, domin babu wata fasaha da za ta sa ya dace a tsaya gaban babba da abu a kunne, ko da kuwa ana jin sa tar. Shi ba ya ganin abin da na'urar ke yi a ciki, abin da yake gani shi ne yaro ya toshe kunne. Amma abin da ya faru ya nuna iyakar dabarar ƙarara: ta san mai magana, ba ta san mai sauraro ba. An gina ta a kan zaton cewa hira musayar gajerun maganganu ce, kai ka faɗa ni na faɗa, kamar mai sayen shayi da mai sayarwa, kuma a irin wannan ba ta da na biyu. A wurinmu kuwa mai zuwa ne ke fara sallama, ba na zaune ba, kuma rabin ladabin hira shiru ne. Ƙarami yana iya yin minti biyu bai ce uffan ba yana sauraron babba, ɗalibi a gaban malami haka, mace a gaban surukarta haka. Gyaɗa kai ba ya girgiza maƙogwaro. Ko 'yar "to" ɗin da muke jefawa a tsakiyar maganar wani, idan an faɗe ta a hankali, wani lokaci tana wucewa ba a ƙirga ta ba.

Kamfanonin sun san da wannan giɓi, shi ya sa suke barin mutum ya zaɓi tsawon jiran. A Galaxy Buds Pro ana zaɓar daƙiƙa 5 ko 10 ko 15, manhajar Sony kuma tana da zaɓin kada ya rufe da kansa sam sai an taɓa shi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da irin hirarmu, sai dai ya mayar da mutum ga taɓa kunne, abin da aka ce an zo a raba shi da shi.

Ɗaya ɓangaren matsalar shi ne buɗewa ba a nema ba. Tun da girgiza yake bi, ba ma'ana ba, duk abin da ya kaɗa maƙogwaro ko muƙamuƙi yana iya zama magana a wurinsa. Gyaran murya yana buɗe nawa, tari yana buɗe shi, dariya ma haka, kuma ranar da na ci goro mai ƙarfi sai da ya yi ta rage sauti yana mayarwa har na haƙura na kashe saitin. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, domin Sony da kansa ya rubuta a jagorar amfani da nasa cewa tari da goge haƙora da rera waƙa a cikin maƙoshi suna iya tayar da shi. Inda abin ya fi shafata shi ne wajen karatu. Wanda yake sa karatun wani alaramma yana bi da bakinsa don gyara tilawa ko ƙarfafa hadda, to ya sani wannan saiti abokin gabarsa ne, domin yana fara bi za a rage masa muryar da yake son ya bi. Haka istigfari da salati: idan a leɓe ne kawai ba ya ji, amma da murya ta ɗan fito sai sauti ya yi ƙasa. Ba na ganin wannan a matsayin lalacewa, tun da abin da aka ce ya yi ne yake yi, amma ya kamata mai saye ya san haka kafin ya biya, kuma ya tabbatar akwai hanya mai sauƙi ta kashewa da kunnawa.

A kan hanya ba na ba shi maki mai yawa. A cikin adaidaita sahu, idan na yi wa direba magana, kunnen yana buɗewa ne ga komai lokaci guda, ƙarar inji da oda da iska, kuma bayan shirun da aka saba da shi sai abin ya zo kamar mari. Iskar hunturu ma tana dukan makirufon waje kai tsaye, sai a riƙa jin wani huci a maimakon muryar mutum. Ga wanda yake tuƙi ko yake tsallaka titi kuwa, kada ya dogara da wannan saiti ko kaɗan, saboda odar mota ba muryarsa ba ce, ba za ta buɗe masa kunne ba.

Kiran waya yana cikin wuraren da makirufon ciki ya biya kuɗinsa. Na sha kiran mutane daga shago janareta yana ruri, su ce mini ba su jin komai sai ni. Sai dai idan hayaniyar ta yi yawa sosai, wasu sukan ce muryata ta yi kauri ta shaƙe, kamar mai mura. Dalilin bai wuce wanda na ambata ba: idan waje ya cika da ƙara na'urar takan ƙara jingina da abin da ya biyo ta ƙashi, shi kuwa ƙashi kaurin murya yake ɗauka ya bar siraran sautukan da ke sa kalma ta fito fes. Ana fahimtar magana, amma ba muryar da za a ɗauki shirin rediyo da ita ba ce.

Wani ya tambaye ni ko wannan na nufin ana sauraron hirarsa ana aikawa wani wuri. Abin da zan iya faɗa daga gwaji shi ne na kashe data gaba ɗaya, saitin ya ci gaba da aiki yadda ya saba, kuma ba ruwansa da yaren da ake yi, Hausa ko Larabci ko Turanci, domin ba kalmomi yake fassarawa ba.

Dukan dabarar ta rataya ne a kan roba ta toshe kunne da kyau. A makon farko na yi ta ƙorafin cewa ba ya gane muryata a ɓarin hagu, ashe robar da ke kai ta yi wa wannan kunnen ƙanƙanta, iska tana shiga, bambancin ciki da waje ya ragu. Da na sauya zuwa babba daga cikin waɗanda suka zo a kwali sai komai ya daidaita. Haka kuma 'yar ragar da ke rufe makirufon ciki tana toshewa da dauɗar kunne, ta waje kuma da ƙura, musamman a hunturu, don haka duk mako nakan share su da busasshen burushi mai laushi. Bayan alwala nakan jira kunne ya bushe kafin na mayar. Batun batir kuwa, alƙaluman da kamfanonin suka bayar idan an kunna kashe hayaniya su ne awa 5 ga Galaxy Buds Pro, awa 6 ga AirPods Pro na biyu, awa 8 ga WF-1000XM4, kuma duk ƙarin saitin da aka bari a kunne yana cin nasa rabon.

Akwai wata fa'ida da ban yi tsammani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Da tsohon iyafis ɗina nakan ƙure ƙara don na rinjayi janareta. Da wannan, tun da an kashe hayaniyar kuma ba na fargabar kasa amsa wa mai saye, ƙarar ba ta wuce rabi, kuma na daina tashi daga aiki da kunne yana ƙugi.

Ga mai niyyar saye, abu biyu ne zai duba kafin farashi. Na farko shi ne wayarsa. Saitin Apple sai da na'urar Apple ake sarrafa shi, manhajar Galaxy Buds Pro ta masu Android ce, ta Sony kuwa tana aiki a duka biyun, don haka mai Tecno ko Infinix da ya sayi AirPods saboda wannan dabara ya sayi abin da ba zai iya saitawa ba. Na biyu shi ne jabu, wanda ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Gwajin ba shi da wuya, kuma a gaban mai shago za a yi shi. A sa iyafis ɗin, a kunna saitin, a kunna sauti, sannan a ce wa mai shagon ya yi magana da ƙarfi kusa da kunne. Na gaske ba zai motsa ba. Daga nan mai saye ya yi magana da kansa, ya ga ko sautin zai sauka. Wanda ya sauka da muryar mai shago ƙara kawai yake ji, bai san muryar kowa ba, wanda kuma bai sauka da ko ɗaya ba, rubutun kwali kawai aka sayar.

Na ga ya dace da mai aikin da mutane ke katse shi da gajerun tambayoyi kuma hannunsa ba ya zama babu komai, kamar mai shago da tela da mai gyaran waya da ma'aikacin ofis. Wanda zai sa shi don bin karatu, ko mai yawan rera waƙa yana aiki, ko wanda mafi yawan hirarsa sauraro ce, zai biya kuɗin abin da zai ƙare da kashewa, gara ya sayi mai kashe hayaniya kawai ya rage kuɗi. Ni dai yanzu a shago nake kunna saitin, na ƙara jiran zuwa mafi tsawo da yake da shi, ina kashe shi idan zan yi tilawa, kuma a ƙofar gida ɓari ɗaya kawai nake sawa, na daina ba titi baya.